A Ina Za a Girke Manhaja: Program Files, AppData, ko Ɓangaren D?

Ɗan yayana ya shafe wata huɗu yana rubuta wata manhaja domin ofisoshin kago na nan Jidda, irin waɗanda ke karɓar kayan alhazai da na mazauna, dabino da darduma da jallabiyoyi da turare, su auna, su rubuta sunan mai karɓa a Kano ko Damagaram, su miƙa wa mai kaya takarda. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Da ya zo haɗa fayil ɗin girkawa sai ya tsaya a kan tambayar da mafi yawanmu ke danna mata maɓallin gaba ba tare da mun karanta ba, wato wace folda manhajar za ta zauna. Ya same ni a shago bayan la'asar.

“Kawu, ni dai na ce ta zauna a C:\Kago kai tsaye, ita da bayananta duk wuri ɗaya. Wa zai sha wahalar nema?”

Na gane abin da ya ja shi, domin mai sauƙi yake nema wa mutane. Amma na daɗe ina gyaran kwamfuta a wannan gari, kuma yawancin kukan da aka kawo mini na bayanan da suka ɓace ba daga lalacewar na'ura ya samo asali ba, daga wurin da aka ajiye abu ne tun ranar farko. Shi ya sa na ga ya kamata in baje maganar, domin mai rubuta manhaja da kuma mai girka ta a kwamfutarsa.

Kowace manhaja kashi biyu ce. Akwai jikinta, fayilolin da ba sa canzawa sai ranar sabuntawa. Akwai kuma abin da take rubutawa kullum: sunayen kwastomomi, nauyin kaya, wanda ya biya da wanda ake bi. Jiki kamar kanta ne da sikeli, idan sun lalace a sayo wasu gobe. Bayanai kuwa littafin bashi ne, idan ya ƙone babu kasuwar da ake sayar da shi. Wanda ya ce a haɗa su a folda ɗaya, ya ɗaure littafin bashi a ƙafar kanta ne. Duk wuraren da za a ambata a ƙasa, da wannan ma'auni nake auna su.

Program Files ita ce wurin da Windows ta ware wa jikin manhaja. Kowa da ke da asusu a kwamfutar zai iya buɗe abin da ke ciki, amma rubutu ko gogewa sai mai izinin admin, wato mai cikakken iko a kan kwamfutar. Wannan kulle shi ne dukan amfaninta. Yaron shago ba zai share manhajar bisa kuskure ba, kuma muguwar manhajar da ta shigo ta asusunsa ba za ta iya musanya fayil ɗin da maigida ke buɗewa ba sai ta sami izinin da ba ta da shi. A kwamfuta mai bit 64 za ka ga folda biyu masu wannan suna, ɗaya da x86 a ƙarshen sunanta. Wannan ta manhajojin bit 32 ce. Ba matsala ba ce, kuma kada ka kwashe abin da ke ɗaya ka mayar ɗayar don neman tsari.

A zamanin Windows XP kusan kowa da izinin admin yake aiki, saboda haka masu manhaja suka saba zuba bayanai a cikin Program Files ba tare da wani ya hana su ba. Windows Vista, wadda ta shigo kasuwa a farkon 2007, ta zo da tsarin nan mai dusashe allo yana tambayar izini kafin a taɓa wurare masu muhimmanci. Don kada tsofaffin manhajoji su mutu gaba ɗaya, sai aka yi musu wata dabara: idan tsohuwar manhaja mai bit 32 ta nemi yin rubutu a Program Files ba da izini ba, Windows ba ta ce mata a'a, sai ta karkatar da rubutun a ɓoye zuwa wata folda mai suna VirtualStore da ke cikin AppData\Local na wannan asusun kaɗai. Manhajar tana zaton ta rubuta inda ta nufa.

Na ga abin da wannan ya haifar da idona. Wani ofishin kago ya kira ni ana saura kwanaki kaɗan alhazai su fara komawa gida, lokacin da kwalaye suka kai rufi. Maigidan yana rantsuwa cewa ma'aikacinsa bai shigar da kayan sati biyu ba, ma'aikacin yana rantsuwa ya shigar. Dukansu gaskiya suka faɗa. Maigida yana buɗe tsohuwar manhajarsu da izinin admin, yana ganin ainihin fayil ɗin da ke Program Files. Ma'aikaci yana buɗe ta daga nasa asusun, duk abin da ya rubuta yana tafiya VirtualStore. Littafi biyu suke rubutawa a kwamfuta ɗaya. Mun kwana muna haɗa su da hannu, kuma har yau abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne saura ƙiris a kori bawan Allah a kan laifin da bai yi ba. Saboda haka Program Files wuri ne mai kyau ga jiki, mummuna ga bayanai. Abin da za a biya a kanta shi ne duk girkawa da duk sabuntawa sai an nemo mai kalmar sirrin admin.

Wannan wahalar ce ta haifar da zaɓi na biyu, girkawa a cikin gidan mai asusu, a AppData\Local\Programs. A nan ba a neman izinin kowa. Manhajar tana iya sabunta kanta cikin dare ba tare da ta tashi wani ba. Visual Studio Code, wadda ɗan yayan nawa ke rubutu da ita, tana da nau'in girkawa da ke sauka a nan, Zoom ma a cikin AppData take zama idan mutum ya girka wa kansa. Ga ɗalibi mai laftof ɗinsa shi kaɗai, ko ma'aikacin da kamfani ya ba kwamfuta amma bai ba shi izinin admin ba, wannan hanya rahama ce.

Sai dai tana da nata. Idan mutum uku ke amfani da kwamfuta ɗaya, kowa sai ya girka tasa, a sami kwafi uku, watakila kowanne da nasa zubin, ɗaya sabo biyu tsofaffi. Kullen da Program Files ke da shi babu shi a nan, duk abin da ya shigo ta asusunka zai iya taɓa manhajar. Kuma ranar da aka goge asusun ma'aikacin da ya bar aiki, manhajar ta bi shi.

Akwai kuma wani ɗan haki da ke tsone mana ido mu a nan musamman. Hanyar zuwa AppData tana bi ta cikin sunan asusu ne, C:\Users sannan sunanka. Kwamfutoci da yawa a Saudiyya an buɗe asusunsu da haruffan Larabci, mu kuma wani lokaci mukan rubuta suna da ƙ ko ɗ ko ɓ. Windows kanta ba ta da matsala da wannan. Amma tsohuwar manhajar da ba ta san Unicode ba, wato tsarin da ya haɗa haruffan harsunan duniya, tana karanta hanya ne da tsohon jadawalin haruffa, na Larabci shi ne mai lamba 1256, na Turai ta yamma 1252, kuma haruffanmu masu lanƙwasa ba sa cikin ko ɗaya daga cikinsu. Sai sunan ya koma mata alamomin tambaya, ta ce ba ta ga fayil ba alhali yana nan. Idan zan buɗe wa mutum sabon asusu, da baƙaƙen boko zalla nake rubuta sunan, gajere, ba tazara. Sunan da ke fitowa a allon shiga ana iya canza shi daga baya zuwa Larabci ko Hausa cikakkiya, foldar ba za ta canza ba. Gajartar ma tana da amfani, domin manhajoji da yawa har yanzu suna tsayawa idan tsawon hanya ya haura haruffa 260.

Yanzu ga abin da aka fi yi mini gardama a kansa, ɓangaren D. Kusan duk wanda ya kawo mini kwamfuta daga unguwannin Bab Sharif ko Bab Makka na nan Jidda zai ce, “Malam, ka sa mini komai a D, saboda in an yi fomat kada in rasa.” Akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ce.

Da farko a duba ko D ɗin faifai ne na daban ko kuwa faifai ɗaya ne aka raba gida biyu. A mafi yawan laftof, faifai ɗaya ne. Idan ya mutu, kuma zafi da danshin Jidda ba sa raga wa na'ura, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai: C da D tare za su tafi. Na biyu, manhajar da aka girka a D ba a D kaɗai take ba. Lokacin girkawa ta rubuta bayananta a rijistar Windows, ta ajiye wasu fayiloli a C, ta yi gajerun hanyoyi a jerin manhajoji. Fomat yana share duk wannan. Za ka buɗe D ka ga foldar tana nan lafiya, ka danna, ta ƙi tashi, ko ta tashi ta nemi lasisin da ta manta. Dole a sake girkawa. Abin da D ke cetowa ranar fomat shi ne takardu da hotuna da bayanai, ba jikin manhaja ba. Na uku, foldar da ka ƙirƙira da kanka a bakin C ko a D ba ta da kullen Program Files, yawanci duk mai asusu a kwamfutar yana iya canza abin da ke ciki. Wannan shi ne aibin C:\Kago da ɗan yayana ya so. Ya buɗe ƙofa ne ga kowa, a kan jiki da littafi baki ɗaya.

To yaushe D ke da hujja? Idan wuri ya yi ƙaranci da gaske. Laftof mai faifan SSD na gigabait 128, Windows ta ci kaso mai yawa, sannan akwai had-disik na biyu mai terabait guda a zaune ba aiki. A nan manyan abubuwa su koma can. Ɗalibanmu na Jami'ar Musulunci ta Madina da na Ummul Ƙura a Makka sun fi kowa sanin wannan, saboda Maktaba Shamila da dubban littattafanta tana cin gigabait masu yawa, kuma da yawansu daga had-disik ɗin abokan karatu suke kwafo ta. Irin wannan, wadda nauyinta duk littattafai ne, D ya dace da ita, haka ma wasannin kwamfuta masu girma. Amma a sani cewa had-disik mai juyawa ya fi SSD jinkiri nesa ba kusa ba, bincike a cikin littattafan zai ɗauki lokaci. Wanda ya kwashe burauza da manhajar rubutu ya kai su can don ya tara wuri a C, ya sayar da saurin da ya biya kuɗi ya saya. Manhajojin Microsoft Store kuwa ba a zaɓa musu folda da hannu, suna cikin WindowsApps a kulle, sai dai ka shiga saitin ma'ajiya ka faɗi faifan da sababbi za su sauka.

Manhajar tafi-da-gidanka, wadda ake ɗorawa a filash ba girkawa, tana da ranarta. Ni ma ina yawo da filash mai kayan gyara. Ga aikin ofis na kullum ba na ba da shawararta. Filash yana ɓata, yana karyewa a aljihu, kuma ana zare shi ana tsakiyar rubutu.

Idan jiki ya sami wuri, saura littafin. A Windows wurare uku ne ke takara. AppData na mutum ɗaya ne, ya dace da saituna, irin su harshe da girman rubutu da firintar da ya fi so. ProgramData folda ce ɓoyayya a C da aka tanada domin bayanan da duk masu asusu ke tarayya a kai, kuma nan ne gidan littafin ofishin kago. Amma akwai tarko: a yadda take zuwa, fayil ɗin da wani ya ƙirƙira a ciki, wani mai asusu na daban zai iya karantawa amma ba zai iya gyarawa ba. Dole fayil ɗin girkawa ya buɗe wa manhajar tata foldar a ciki, ya ba masu amfani izinin gyara a kanta ita kaɗai. Documents kuma na abin da mutum zai buɗe da hannunsa ne, rahoton wata ko takardar da zai tura wa kwastoma. Ba na son a ajiye rumbun bayanai mai rai a can, saboda a kwamfutoci da yawa Documents tana haɗe da ma'ajiyar intanet mai kwafar fayiloli da kanta, kuma fayil ɗin da ake rubutu a cikinsa kowane minti ba ya jituwa da mai kwafa a bayansa.

Ga masu shaguna a nan, maganar ta wuce ta jin daɗi. Tun 4 ga Disamba 2021 hukumar zakka da haraji da kwastam, ZATCA, ta wajabta wa masu rajistar harajin VAT fitar da fatura, wato rasiɗin ciniki, ta na'ura, daga farkon 2023 kuma aka fara haɗa manhajojinsu da na hukumar rukuni-rukuni. Doka ta ce a adana bayanan harajin aƙalla shekara shida. Kwamfutar kanta ba lallai ta kai shekara shida ba. Duk mai bakala ko mahal, wato kanti ko shago, da ke da manhajar fatura, ya kira wanda ya girka masa ya tambaye shi tambaya ɗaya: a wace folda bayanaina suke? Ya rubuta amsar a takarda, kuma ya riƙa kwafar foldar zuwa wani faifai da ba ya cikin kwamfutar.

Ɗan yayana ya ƙara da cewa, “Kawu, to masu Linux fa?” Tambayar tana kan hanya. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, na ɗora Ubuntu da Linux Mint, nau'o'in Linux ne masu maye gurbin Windows, a kan tsofaffin kwamfutoci da dama da Windows 11 ta ƙi karɓa. A can akwai rubutacciyar ƙa'ida ta tsarin folda, FHS, wadda zubinta na 3.0 ya fito a 2015, kuma ta raba gado tsakanin wurare uku. /usr na mai kula da fakitoci ne, wato manhajar da ke girka sauran manhajoji, irin su apt, shi ke sanin kowane fayil da mai shi, kada ka zuba komai a can da hannu. /usr/local na mai kwamfutar ne, nan abin da ya harhaɗa da kansa daga tushe ke sauka, shi ya sa ƙa'idar Debian, nau'in Linux da aka gina Ubuntu a kansa, ta hana fakiti ajiye fayiloli a ciki. /opt kuma na manhajar da ta zo daga waje da kayanta a ɗaure wuri ɗaya. Google Chrome a /opt/google/chrome take zama, LibreOffice da aka sauko daga shafinsu ma a /opt take sauka.

Ga manhaja irin tasa, wadda ke tafe da nata ƙarin fayilolin da take dogara da su, /opt ne na zaɓa masa ba tare da jinkiri ba. Komai yana folda ɗaya, ba ta karo da fayilolin tsarin, cirewa ba wuya. Sai fakitin girkawarta ya ajiye ɗan fayil ɗin da ke sa ta fito a jerin manhajoji a /usr/share/applications. Saitunan mutum su tafi .config da ke gidansa, bayanansa su tafi .local/share, na tarayya kuma ƙa'idar ta ba su /var/opt. Wanda ya bi hanyar Flatpak, wata hanyar rarraba manhajoji a Linux, an ɗauke masa wannan zaɓin, abin da ya rage masa shi ne na kowa ne, ta sauka a /var/lib/flatpak, ko na mutum ɗaya, ta sauka a gidansa. Tambayar Program Files da AppData ce ta sake dawowa da wata riga. A Mac maganar gajera ce: a ja manhaja a jefa cikin Applications, bayananta su zauna a Application Support da ke cikin Library na mai asusu.

Ga mai girkawa, ra'ayina a fili yake. Idan akwatin ya nuna maka Program Files ko AppData, bar shi yadda ya zo, sai in wuri ya ƙare maka kuma kana da faifai na biyu na gaske. Idan ya tambaye ka na kowa ne ko naka kai kaɗai, dubi mutum nawa ke zama a gaban kwamfutar. Ta shago da ta ofis, na kowa. Taka ta aljihun jaka, kowanne ka ɗauka ba ka yi kuskure ba, in dai sunan asusunka da baƙaƙen boko yake.

Shi kuwa ɗan yayan nawa, da Inno Setup yake haɗa fayil ɗin girkawarsa, kuma tun zubi na 6 tana da hanyar da manhaja za ta sauka a Program Files idan da izinin admin aka girka, ta sauka a AppData\Local\Programs idan babu. Da farko ya so ya bar wa mutane zaɓin. Na ce masa ofishin kago ba laftof ɗin ɗalibi ba ne, mutum biyu ko uku ke karɓa-karɓa a kan kujera ɗaya, na safe da na dare, kuma dole dukansu su ga littafi ɗaya. Muka tsayar da Program Files ga jiki, folda ɗaya a ProgramData ga bayanai da izinin gyara ga duk masu asusu, sannan ya ƙara maɓalli a fuskar manhajar da ke kwafar bayanan ranar zuwa duk faifan da aka nuna masa, da kwanan wata a sunan fayil ɗin. Ya kuma gyara mai cirewar, yadda ko an cire manhajar foldar bayanan ba za ta motsu ba.

Ofishin farko da muka girka wa yana kusa da Balad, tsohon garin Jidda. Na buɗe asusun maigida na shigar da kwali ɗaya na gwaji, kilo 23, dabino, zuwa Kano. Na fita, ma'aikacinsa ya shiga da nasa asusun, ya buɗe manhajar, ya ga kwalin, ya gyara nauyin zuwa 24, maigidan ya dawo ya tarar da 24.